Ta ina zan fara rubuta tarihin sakandaren ƙaramin gari?

Tsohon Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora mini aikin tattara tarihin makarantar da na koyar a cikinta har na yi ritaya. Ta fara da aji biyu a ginin aro, yau tana da ɗakin gwaje-gwaje da zauren jarrabawa. Abin da ke hannuna shi ne jerin sunayen shugabanninta, da hotunan 'yan ƙwallo, da kofunan muhawara. Duk cikinsu babu wanda ya nuna dalilin girmanta, kuma shi ne abin da nake so jikokinmu su sani. Wanda ya taɓa irin wannan aiki, don Allah ya nuna mini hanya.

Ma'aikaciyar Adana Takardu:
Wa'alaikumus salam Baba. A ajiye kofunan tukuna, a nemo rajistar shiga tun ta shekarar farko. A cikinta ake rubuta firamaren da yaro ya fito, da ƙauyensu, da sana'ar mahaifinsa, da ranar da ya bar makaranta da dalili. Idan kuka bi ta shekara-shekara za ku ga lokacin da aka fara ɗaukar 'yan mata, da lokacin da yaran ƙauyukan nesa suka fara zuwa. Sau da yawa za ku tarar a daidai lokacin ne aka yi titi, ko aka buɗe ɗakin kwana. Sai littafin da shugaban makaranta ke rubuta abubuwan da suka faru kullum, da littafin baƙi, da rahotannin sufetoci. Ku hanzarta, domin gara da yoyon rufi sun fi cinye irin waɗannan. Kuma ku zauna da tsohon maigadi da masu dafa abinci. Shugabanni ana yi musu canjin wuri, su kuwa suna nan.

Ɗalibin Tarihin Ilimi:
Malam, abin da zan ƙara shi ne, makarantar ƙaramin gari ba kasafai take girma da ƙarfin kanta kaɗai ba. Dubi Amurka. A 1874 kotun ƙoli ta jihar Mishigan ta yanke hukunci a shari'ar garin Kalamazu cewa ya halatta a yi amfani da harajin jama'a wajen tafiyar da sakandare. A 1910 kusan kashi 9 cikin ɗari ne na matasan ƙasar ke kammala sakandare, zuwa 1940 sun kai wajen rabi. Abin da ya fi burge ni, jihohin manoma irin su Ayowa da Nebraska suna cikin waɗanda suka yi gaba a wannan, ba manyan biranen masana'antu ba, inda matashi ke iya samun aiki ba tare da takarda ba. A 1917 kuma aka yi dokar da ta sa gwamnatin tarayya ta riƙa ba da kuɗin koyar da noma da sana'o'i, sai manomi ya ga amfanin barin ɗansa a aji.

Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Wajen 1940 ƙasar tana da gundumomin makarantu, wato yankunan da kowanne ke tafiyar da makarantunsa, fiye da 100,000, zuwa 1970 sun koma ƙasa da 20,000. An rufe ƙananan makarantu, motocin ɗaukar ɗalibai suka riƙa kwasar yara zuwa guda ɗaya. Wato wata makarantar ta cika ne saboda an kulle ta maƙwabta. Ka binciki taku, ko akwai wadda ta mutu kafin ta bunƙasa. Mutanen wancan garin ma suna da hakki a cikin littafin.

Uwar Ɗalibai:
Ni dai kada a manta da iyaye. A Kenya bayan samun 'yanci a 1963, jama'ar ƙauyuka ne suka yi ta haɗa kuɗi da aikin gayya suna gina makarantun da ake kira harambe, daga baya gwamnati ta karɓe su. Idan taku ma haka ta faro, a rubuta waɗanda suka ba da fili da waɗanda suka ɗebi ruwan gini. Sannan yawan ɗalibai kaɗai ba ya nuna ci gaba. Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, cunkoso ya sa a 2018 aka raba ɗaliban makarantu da yawa kashi biyu suna zuwa bi da bi. A duba yara nawa ne a aji ɗaya, kuma nawa suka kai ajin ƙarshe.

Tsohon Malamin Lissafi:
Allah ya saka muku da alheri. Na tambaya, an ce tsofaffin rajistoci suna cikin kabad a sito, gobe zan je da makullin. 'Yata mai adana takardu, idan na tarar shafuka sun manne saboda danshi, yaya ake raba su ba tare da sun yage ba?