Neman shawara: An yi mini tayin aikin jinya a Ingila, amma ejan ya ce sai na biya kafin a ba ni takarda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka riga mu tafiya su taimaka mini da abin da suka gani da idonsu, domin kwana huɗu ke nan ban samu barcin kirki ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata bakwai a bakin aiki, ina da aure da 'ya'ya biyu, babbar tana da shekara shida, ƙaramin kuma bai cika uku ba. Na ci jarrabawar Turanci ta OET, na kuma ci CBT, wato kashin farko na jarrabawar hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, saura OSCE, kashi na biyu na gwajin aiki a aikace, wadda sai an je can ake yin ta. Wani ejan ya ce ya samo mini gurbi a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, amma sai na biya fam 6,000 kafin a fitar mini da takardar ɗaukar nauyi. Ya ce in fara shiga a matsayin mai kula da tsofaffi, idan na ci OSCE sai a mayar da ni nas, kuma ya ba ni mako biyu in kawo rabin kuɗin ko ya ba wata. Maigidana ya amince mu sayar da filinmu. Shin haka kowa ke biya? Idan tafiyar ta tabbata, in tafi da iyali gaba ɗaya ko in fara yin gaba ni kaɗai? Sannan yaya sabon zuwa yake samun gidan haya?

Amsa daga wata nas mai shekara biyar a can:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, don Allah kada ku taɓa filin nan. Takardar ɗaukar nauyi, wadda muke kira CoS, ba hajar sayarwa ba ce. Lamba ce da mai ɗaukar aiki yake fitarwa ta na'ura bayan ya samu lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya, shi ne kuma yake biyan kuɗinta, ƙa'ida ta hana shi ɗora wa ma'aikaci. Wata dokar ƙasar ta 1973 ta haramta wa kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki saboda sun samo masa gurbi. Ni da na zo, asibitin ne ya biya tikitina da kuɗin OSCE, ya kuma sauke ni a ɗaki na wata biyu, ban ba kowa ko sisi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninki shi ne maganar shiga a matsayin mai kula da tsofaffi. Tun ranar 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan aikin zuwa da miji ko 'ya'ya, sannan daga 22 ga Yuli 2025 aka rufe ɗauko su daga ƙasashen waje kwata-kwata. Ke nan ƙofar da yake nuna miki a kulle take, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani yana fatan ke ba ki sani ba. Wa'adin mako biyun nan ma dabara ce ta hana mutum tsayawa ya yi tunani. Ki nemi ya ba ki cikakken sunan gidan, ki duba shi cikin jerin masu lasisin ɗaukar nauyi da gwamnati take wallafawa a intanet kyauta, sannan ki kira gidan da lambar da kika samo da kanki, ki tambaye su ko sun san da zamanki. Wanda ya ci OET da CBT kamar ke ya riga ya yi mafi wuyar aikin, yana iya neman gurbi kai tsaye a shafin ayyuka na hukumar lafiya ta NHS ba tare da ɗan tsakiya ba, ko da yake guraben sun ragu, sai an yi haƙuri.

Amsa daga wani ɗan'uwa:

Malama, abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, ni shaida ne domin a kaina ya faru. Na biya wani mutum kuɗi masu yawa, biza ta fito lafiya lau, amma da na iso sai na tarar kamfanin ba shi da isasshen aiki. Wani makon awa goma za a ba ni, wani makon ko ɗaya babu, ga kuɗin haya ba ya jira. Bayan wata bakwai aka soke lasisinsu, aka aiko mini da saƙo cewa ina da kwana 60 in samu wani mai ɗaukar nauyi ko in bar ƙasar. Ina tuna ranar, ina zaune a bakin gado da rigar sanyi a jikina saboda na kashe na'urar ɗumama ɗaki don tsoron kuɗin gas, ina karanta saƙon ina maimaitawa. Allah ya rufa asiri na samu wani wurin saura kwana tara, amma har yau ina biyan bashin da na ci. Ki sani bizarki a ɗaure take da mai ɗaukarki aiki, kuma ba ki da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati idan abu ya lalace, shi ya sa nagartar wurin ta fi saurin tafiyar muhimmanci.

Amsa daga wata uwa mai 'ya'ya uku:

Ni kan tambayarki ta biyu zan yi magana, kuma ra'ayina shi ne ki fara zuwa ke kaɗai na wata huɗu zuwa shida, duk da na san zafin rabuwa da yaron da bai cika shekara uku ba. Dalilina shi ne watannin farko na OSCE ne. Ana son ki zauna jarrabawar cikin mako 12 da fara aiki, ki kuma kammala rajista cikin wata takwas, kuma kafin ki samu lambar rajistarki albashin da za a biya ki bai kai na cikakkiyar nas ba. Da wannan ɗan albashin za ki riƙe mutum huɗu a wurin da babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za ki miƙa wa yaro ki ce yanzu zan dawo. Babbar 'yarki za ta shiga makarantar gwamnati kyauta, amma ƙaramin sai gidan raino, kuɗinsa kuwa yana iya cinye kaso mai tsoka na albashi. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko na awa ɗaya ne, yana iya jawo miki hukumar kula da yara har ƙofa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun zo cike takardu: a ƙa'ida ba a ba yaro biza sai idan iyayensa biyu suna can ko suna tafiya tare, in ban da wanda ya tabbatar shi kaɗai ke da alhakin yaron. Saboda haka ba zai yiwu ki kwashi yara ki bar maigida ba. Ku zauna ku yi magana ta gaskiya tun yanzu, domin idan ya zo an yarda ya yi aiki, amma wataƙila ba irin wanda ya saba ba, kuma ranakun da kike dutin dare shi ne zai yi wanka da kai yara makaranta. Na ga gidajen da wannan ya girgiza fiye da talauci.

Amsa daga wani dattijo a cikinmu:

'Yata, ban ƙi maganar wadda ta gabace ni ba, sai dai kada wata shidan ya zama shekara biyu, domin dokokin shige da fice suna sauyawa kusan kowace shekara, kuma ba kasafai suke sauyawa zuwa sauƙi ba. Ku sa rana, ku tara kuɗin da za a nemi gani a asusu wajen neman biza: fam 1,270 naki, 285 na miji, 315 na ɗan fari, 200 na kowane yaro bayansa, su kwana 28 a jere ba su ragu ba, sai fa idan mai ɗaukar aikin ya rubuta cewa ya ɗauki wannan nauyin. Gwajin tarin fuka da ake buƙata wajen neman biza, wata shida kawai takardarsa take aiki, kada ku yi gaggawar yin sa.

Batun gida kuwa, wahalar sabon zuwa ita ce ba shi da tarihin biyan kuɗi a ƙasar, don haka masu gida kan nemi takardar albashi ko wanda zai tsaya masa. Ki roƙi wurin aikinki wasiƙa mai nuna albashinki. Kuɗin ajiya a Ingila bai kamata ya wuce na hayar mako biyar ba a gidaje irin namu, kuma wajibi ne mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kada ki tura kuɗi kan gidan da ba ki taka ƙafarki ciki ba, ki kuma duba bango da bayan labule ko akwai danshi. A lissafinki ki sa harajin ƙaramar hukuma da wuta da gas, waɗanda galibi ba sa cikin kuɗin haya. Kafin ki sa hannu a kwantiragi, ki nemo sakin layin da ya faɗi abin da za ki mayar idan kika bar aikin da wuri, domin a wuraren kirki adadin yana raguwa kowace shekara.

Mai neman shawara ta dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tambayi ejan sunan gidan kamar yadda Yaya ta ce, sai ya amsa cewa sirri ne har sai na biya, da na nace kuma ya daina ɗaukar wayata. Mun fasa sayar da filin, kuma daren jiya na buɗe asusu a shafin NHS na fara cike bayanaina. Abin da yake damuna yanzu shi ne wa'adin sakamakon OET ɗina, wanda ya shekara ɗaya da wata uku.

Nas ta farko ta ƙara da cewa:

Shekara biyu yake aiki a wurin NMC, ke nan kina da wata tara, kada ki ɓata ko mako ɗaya. Ki nemi takardar shaidar kyakkyawan aiki daga hukumar da ta yi miki rajista a ƙasarku tun yau, domin ita ce ta fi ɗaukar lokaci. Idan kin gama rubuta bayanin kanki na neman gurbin, ki turo mini in duba miki kafin ki aika.