Shin dole jarida ta sa ƙabilar wanda ake zargi a kanun labari?

Ɗan Jos: Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina jaridun intanet su daina sa ƙabila a kanun labari kwata-kwata. Ana kai hari ko 'yan sanda basu ƙarasa wurin ba sai kaga an rubuta wai Fulani makiyaya sun kashe mutum kaza, don Allah wa ya tantance?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana ban yarda da kai ba. In mutanen gari sun ga waɗanda suka kawo musu hari, sun ji yarensu, sai a ce jarida tayi shiru? Ai wanda aka kashe wa ɗan uwa shima yana da haƙƙi, ɓoyewa ma rashin adalci ne.

Ɗan Jos: Hajiya ki tuna Yunin 2018 a Barikin Ladi, 'yan sanda sun ce mutum 86 aka kashe, kuma hotunan da suka cika Facebook lokacin ba duka na Filato bane, har da bidiyon wani mutum da aka sassara wa kai wanda binciken BBC ya gano daga Kongo Brazzaville ya fito tun shekaru kafin nan, amma matasa suka tare hanya suna jawo matafiya daga mota, mutanen da basu san hawa ba basu san sauka ba.

Hajiya Babba: Innalillahi. Amma wannan ai ƙarya ce aka yaɗa, ni maganar gaskiya nake.

Malam na Zariya: Hajiya ayi haƙuri in sa baki. Bello Turji da bakinsa yake magana a bidiyo, a kira sunansa ba laifi. Amma kama sunan mutum daban, ɗora wa al'umma gaba ɗaya daban. Bafulatanin da aka kore wa shanu a Zamfara shima ai ɓarayin dajin ne suka cuce shi. Kuma ƙa'idojin aikin jarida da aka amince dasu a Ilorin a 1998 sun hana aibata mutum da ƙabilarsa ko addininsa.

Ƙanwarku: Malam wa yake bin ƙa'ida yanzu, kowa da waya da data ya zama ɗan jarida. Su dai a latsa a shiga shafinsu kuɗin talla ya shigo. Kafin masu tantance labarai na Dubawa su bi diddigin labari ya gama zaga WhatsApp.

Hajiya Babba: To in an tabbatar fa? Kotu ko 'yan sanda sun faɗa?

Ɗan Jos: Sai a sa a cikin labarin tare da wanda ya faɗa, kuma a nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Amma ba a kanu ba Hajiya, mutane da yawa kanun kawai suke karantawa su tura gaba.

Hajiya Babba: Jin ta bakin ɗaya ɓangaren na yarda. Cirewa daga kanu kam har yanzu ban gamsu ba, sai in za'a yi wa kowace ƙabila haka, ba wasu a rufa musu asiri wasu a tona ba.