Katangar tafkin ruwan sama tana karkata

Assalamu alaikum injiniyoyi. Na gina katangar kankare mai tsayin mita 1.8 a gefen tafkin da ke riƙe ruwan sama na ɗan lokaci. Ƙasar wurin yumɓu ce. Na zuba tsakuwa santimita 30 a bayanta, na bar ramukan fitar ruwa kowane mita 1.5.

Idan tafkin ya cika, ruwa ta ramukan yake kutsawa baya. Da ya janye cikin 'yan awanni, bayan katangar yana nan jiƙe sharkaf. Yanzu katangar ta tsage, samanta ya karkato wajen tafkin da santimita 3. Na wanke ramukan, na ƙara huɗu, laka ta sake toshe su.

Shin bawul mai hana ruwa komawa zai wadatar, ko dole in tone in shimfiɗa bututu mai huda-huda a gindin katangar?