Fenda da biraket na tsohuwar Beetle sun ƙi haɗuwa, ina matsalar take?

Mai_Tsohuwa:
Assalamu alaikum masana. Ana gyaran wata Volkswagen Beetle, takardunta sun ce 1969. An samo fenda biyu na gaba a wurin masu kayan gwanjo, amma ƙarfen da ke riƙe bamba bai sami hanyar wucewa ba, kuma bolti uku na gefen hagu juyawa kawai suke yi, ba sa kamawa. Mai walda ya ce a yanka rami a fendar, a ƙera wani biraket ya riƙe ta ta ciki. Wane biraket ne daidai da wannan mota? A bar shi ya yanka?

Falanbita:
Wa alaikumus salam. Malam, a dakatar da mai waldan nan tukuna. Fendar Beetle ba ta da wani biraket da ke ɗauke da ita. Kai tsaye ake ɗaure ta a jikin bodi da bolti M8, kowanne da faffaɗan wosha, su shiga notin da kamfani ya riga ya manne ta cikin bodin. Daga ƙasa kuma bolti ɗaya ya haɗa ta da matakin gefe, da roba a tsakani. Ƙarfen da kake gani na bamba ne, shi ma a bangon ciki ake ɗaure shi, ta fendar wucewa kawai yake yi.

Ƙin wucewar da ya yi alama ce cewa fendar da biraket ɗin ba 'yan zamani ɗaya ba ne. A ƙirar Jamus, har zuwa ta 1967 bamba siririya ce, ƙarfenta yana fitowa ta farantin da ke ƙarƙashin murfin gaba, don haka fenda ba ta da tsaga. Daga ƙirar 1968, wadda aka fara a watan Agusta na 1967, aka koma bamba mai kusurwa, aka ɗaga ta sama, ƙarfenta ya koma bi ta tsagar da ke jikin fenda, fitilun gaba kuma suka miƙe tsaye maimakon kwanciyar da suke yi a da. Kada ka ce tsayuwar fitila ta isa shaida. Ƙirar 1967 da aka kai Amurka tana da fitila a tsaye da tsohuwar bamba, haka ma ƙaramar 1200 ta Turai ta ci gaba da siririyar bamba shekaru bayan 1968. Fendar waɗannan za ta zauna a bodinka, amma babu tsaga.

Takarda ba hujja ba ce, sau da yawa shekarar rajista ake rubutawa. Ɗaga kujerar baya, lambar shasi tana nan a buge a kan tudun tsakiya. In ta Jamus ce daga 1965 zuwa sama, lamba ta uku ita ce shekarar ƙira: 118 na nufin 1968, 119 na nufin 1969.

Mai_Kayan_Gyara:
Oga ya faɗi gaskiya, sai dai wannan lissafi na motocin Jamus ne. Waɗanda aka harhaɗa a Legas tun daga 1975 da yawa kayansu daga Brazil aka kawo, su kuwa 'yan Brazil ba su bi kalandar Jamus wajen sauya fasali ba. Kuma mota mai shekara hamsin da wuya a ce ba a taɓa canja mata gaba ba bayan wani karo. Saboda haka a kalli motar kanta: ramuka nawa ne a bangon ciki inda biraket ke zama, biyu na tsohuwar bamba ko uku na sabuwa, kuma farantin gaba yana da tsaga ko babu.

Wani abin da ke cin kuɗin mutane shi ne nau'in Beetle da ake kira 1302 da 1303. In tayar safiya tana kwance a but ɗin gaba, kuma akwai dogon shokozoba mai sufirin a kowane gefe, to ita ce, gabanta ya fi tsawo da faɗi, fendar Beetle ta gama-gari ba za ta taɓa zama a kanta ba ko da guduma. In tayar a tsaye take, ta gama-gari ce. A tafi kasuwa da tsohon biraket a hannu, na hagu daban na dama daban, a ɗora shi kan wanda za a saya rami ya kalli rami.

Falanbita:
Sai maganar bolti ukun da ke juyawa. Ko dai haƙoran notin sun cinye, ko tsatsa ta cinye ƙarfen da ke riƙe da shi ya saki. Sa bolti ka ja shi da filaya: in notin yana motsi, ya saki. Wanda haƙorinsa kawai ya toshe da tsatsa, a bi shi da taf, wato ƙarfen fitar da haƙorin noti, M8 mai tazarar 1.25 da ɗan mai, a hankali, ana shiga ana ja da baya. Wanda ya saki kuwa yanke wurin za a yi har a kai ƙarfe mai lafiya, a walda sabon noti a bayan ɗan faranti mai kauri ɗaya da na bodin, a mayar. Kafin a kama farantin da wuta, a rataya fendar da sauran boltin don ramin ya faɗa inda ya dace, kuma a bar bolti a cikin notin lokacin walda kada tartsatsi ya ɓata haƙoran. Tankin mai yana gaba, daf da wurin aikin. A cire shi gaba ɗaya, a cire kan batir da ke ƙarƙashin kujerar baya.

Wajen ɗaurawa, a fara da boltin sama na tsakiya, a sauko gaba da baya, duk da hannu, kada a matse ko ɗaya. Sannan a zura robar da ke shiga tsakanin fenda da bodi, an riga an yanka mata baki a daidai kowane bolti. A shanya ta a rana tukuna, ta fi bin lanƙwasa. A sa biraket ɗin bamba da robarsa a ga ya ratsa tsakiyar tsaga bai goga ba, a duba matakin gefe da buɗewar ƙofa, sai a matse bi da bi da sifana 13. Matsewa da ƙarfin tsiya tana lotsa leɓen fenda, robar ta bulluƙo waje. A shafa wa kowane bolti giris mai jan ƙarfe. Duk wannan gwaji kafin fenti ake yin sa, musamman in fendar sabuwar bugu ce, don sau da yawa sai an ɗan faɗaɗa wani rami da zarto.

Ni ban yarda da yanka tsaga a fendar tsohon zamani ba. Mai irin motar yana can yana nemanta ido rufe, musaya ta fi.

Mai_Tsohuwa:
Allah ya saka da alheri. Lambar ta fara da 119, ramuka uku ne a bangon ciki, taya a tsaye. Fendar da aka sayo ba su da tsaga, gobe za a mayar wa mai su. Amma ƙasan ginshiƙin ƙofar hagu ya yi laushi, sukundireba na shiga.

Falanbita:
To aikin ya wuce fenda. Wurin nan yana zaune ne a kan bututun da ke kai iska mai ɗumi gaba, shi ne kuma ke ɗauke da gefen bodin, a jikinsa ake ɗaure matakin gefe. Kafin a yanka komai a can, a walda ƙarfe a gicciye a bakin ƙofar, in ba haka ba bodin zai sauka ƙofa ta daina rufuwa. Turo hoton wurin ta ƙasa, an cire matakin.