Tambaya: Na rubuta waƙoƙin rabuwar aure da jita zalla, shin ya dace in fitar da su a kundi ɗaya?

Ɗan Taura ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da iyayenmu da ke wannan zaure. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, kuma tun ina kwalejin horar da malamai na koyi kaɗa jita, irin ta katako wadda ba a jona ta da lantarki. Bara aurena ya mutu, muna da 'ya ɗaya a tsakani. A watannin da suka biyo baya na rubuta waƙoƙi da dama, waɗanda idan aka jera su labari ɗaya suke bayarwa, daga lokacin da zama ya fara tsami, zuwa ranar da aka zo kwashe kayan ɗaki, har zuwa sa'ad da mutum ya soma fita gona da makaranta ba tare da nauyi a ƙirji ba. Salon ya fi kusa da kiɗan rok mai sanyi na Turawa, wanda mawaƙi ke tsara waƙarsa da kansa ya kuma kaɗa ta da kansa, sai dai baitocin duka da Hausa suke.

Abu biyu nake neman shawara a kai. Wani abokina da ke aiki a situdiyo a birnin Kano ya saurari uku daga ciki, ya ce waƙoƙin sun yi, amma babu Bahaushen da zai zauna ya saurari jita zalla, don haka dole a ƙara fiyano da gangar kwamfuta da muryar mace tana amshi. Ni kuwa ina jin idan aka yi haka waƙoƙin sun tashi daga nawa. Na biyun ya fi damuna: ban ambaci sunanta ko sau ɗaya ba, amma ƙauyenmu ƙarami ne, kuma duk wanda ya ji zai san da wa ake. Shin ina da hurumin fitar da su?

Mai Nazari, Gumel ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya raya yarinyar. Zan tsaya a kan tambayar farko, domin ita ce na ɗan san wani abu a kanta.

Maganar abokinka ta kasuwar yau ce, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya shafe shekaru yana riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, babu 'yan amshi, babu makaɗa a bayansa, kuma yawancin waƙoƙinsa a kan zaman aure da rayuwar talaka suke. A nan gida Jigawa muna da Haruna Uji na Haɗeja, wanda ya yi suna da gurmi da waƙoƙin bege. Fiyanon da ake ganin kamar da shi aka haifi waƙar Hausa, masana'antar fim ce ta yaɗa shi, kuma ba a daɗe ba idan aka gwada da shekarun gurmi da garaya da kukuma.

A can ƙasashen da salonka ya fito ma, akwai kundayen rabuwa da ake tunawa da su waɗanda ba masu tarin kayan kiɗa ba ne. Justin Vernon, wanda aka sani da Bon Iver, ya keɓe kansa a bukkar farautar mahaifinsa a jihar Wisconsin ta Amurka a hunturun 2006 zuwa 2007, bayan ƙungiyarsa ta watse, soyayyarsa ta ƙare, ga kuma rashin lafiya, ya fito da waƙoƙi tara waɗanda galibinsu jita ce da muryarsa da ya riƙa ɗora wa juna. Shi ya fara fitar da kundin da kansa a 2007 kafin wani kamfani ya sake fitar da shi a shekarar da ta biyo. Bruce Springsteen kuma a 1982 ya ɗauki wasu waƙoƙi a gida da ƙaramar na'urar kaset a matsayin gwaji, ya kai wa ƙungiyarsa suka sake kaɗa su a babban situdiyo, daga bisani aka ga na gidan sun fi rai, su aka fitar da sunan Nebraska. Wannan ba kundin rabuwa ba ne, amma ya amsa wa abokinka kai tsaye.

Sai dai ka sani jita zalla ba ta rufa wa kowa asiri. Idan baiti ya yi rauni, fiyano da ganga suna iya ɗauke hankalin mai sauraro, amma idan kai ne da tsirkiya shida kawai, kowace kalma a fili take. Kuma akwai matsalar da mawaƙin Turanci ba ya fuskanta: Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogayen wasula da gajeru, saboda haka idan ka ɗauko tafiyar waƙar rok ka cusa mata baitin Hausa da ƙarfi, za ka ji kalmomi suna karkacewa har ma'ana ta ɓace. Ka fara rera baitin babu jita, yadda bakin mutumin Taura zai faɗe shi, sannan ka nemo masa kiɗan da ya bi shi.

Game da tambaya ta biyu, abin da zan iya kawowa shi ne labarin mawaƙin Amurka Bob Dylan. Kundinsa Blood on the Tracks ya fito a Janairun 1975, lokacin da aurensa ke tangal-tangal, kuma auren ya ƙare a 1977. Shi ya sha musanta cewa labarin gidansa yake rerawa, amma an ruwaito ɗansa Jakob yana cewa shi iyayensa yake ji suna magana a cikin waƙoƙin. Na bar wa manya sauran.

Hajiya daga Dambatta ta amsa:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsar Malam na Gumel, kuma jimlarsa ta ƙarshe ita ce inda nake so in fara. Ban san waɗannan mawaƙan Amurka ba sai yau, amma na fahimci cewa mutumin ya yi musu, ɗansa kuwa bai yarda da musun ba. Kai ma kana da 'ya, kuma waƙar da ta shiga memori ba ta tsufa. Yarinyar nan za ta girma, za ta je makaranta, za ta je ɗibar ruwa, kuma akwai ranar da wata sa'arta za ta rera mata baiti ɗaya daga ciki don ta ɓata mata rai.

Ka ce ba ka ambaci suna ba, to ai mu nan ba mu taɓa buƙatar suna ba. Na yi shekaru ina zuwa bukukuwa ina jin kiɗan amada, na ga yadda mace ke rera baiti ba ta kalli kowa ba, amma duk tsakar gidan ya san kishiyar da ake nufi. Habaici a wurinmu ya fi kiran suna zafi, domin wanda aka yi wa ba shi da bakin kare kansa. Idan ya tanka, an ce ya tsargu. Matar da Baturen mawaƙi ya rabu da ita tana iya komawa wani birni inda ba wanda ya san fuskarta. Taka tana gidan iyayenta, wataƙila tafiyar ƙafa ce daga ƙofar gidanka, ta gama idda tana zawarci, kuma duk mai neman aurenta sai danginsa sun yi bincike. Idan a rumfar cajin waya ta kasuwar Gujungu ana tura waƙar da ke cewa ba ta da haƙuri, ko ta fifita maganar ƙawaye a kan ta miji, ka shiga tsakaninta da rabonta, alhali ita ba ta da jita, ba ta da situdiyo, ba ta da inda za ta faɗi nata ɓangaren.

Ba cewa nake ka binne waƙoƙin ba. Namiji a ƙasar nan ba a ba shi wurin faɗin baƙin cikinsa, daga an ce "sai haƙuri" an rufe magana, kuma na san maza da yawa da suka yi saki suna tafe suna dariya a majalisa alhali ciki ya ƙone. Waƙar da za ta faɗi wannan da gaskiya tana da amfani. Shawarata ita ce ka zauna ka raba waƙoƙin gida biyu. Wadda take bayyana halin da kai ka shiga, kaɗaicin ɗaki, kunyar haɗuwa da surukai a masallaci, kewar yarinya, wannan taka ce, ka rera. Wadda take lissafa abin da ita ta yi, ko ta tona abin da ya faru a bayan labule, wannan ba taka ba ce kai kaɗai. Aya ta 229 a Suratul Baƙara ta ce ko dai riƙo da alheri ko saki da kyautatawa, kuma a fahimtata kyautatawar ba ta ƙarewa ranar da aka miƙa takarda.

Mai Haɗa Sauti, Wudil ya amsa:

Malam, sana'ata ce wannan, don haka bari in ɗan kare abokinka. Bai yi ƙarya ba idan kuɗi kake nema: waƙar da ba a rawa da ita ba a kiran mai ita biki, masu tura waƙa a waya ba sa ɗora ta a gaba, kuma da wuya ta dawo maka da abin da ka kashe. Amma tunda kana da albashinka da gonarka, ba dole ne ka bi kasuwa ba, kuma a gaskiya ba sai ka je Kano ba.

Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi yawancin ɗakunan siminti daɗin ɗaukar jita, domin bangonsa ba ya mayar da amo da ƙarfi. Ka guji ɗaki mai rufin kwano babu silin. Ka shimfiɗa tabarma da bargo, ka jingina katifa a bangon da kake fuskanta, ka yi aikin da daddare bayan an kashe janareto da injin niƙa, dabbobi sun kwanta. Kada ka saita makirfo daidai ramin jitar, domin sautin zai kumbura ya dushe. Ka nufe shi wajen da wuyan jitar ya haɗu da jikinta, da tazarar kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. Idan makirfo ɗaya gare ka, ka ɗauki jitar daban, sannan ka sa abin kunne ka ɗora murya, ko da yake wasu mawaƙan muryarsu tana mutuwa idan aka raba su da kiɗan hannunsu, sai ka gwada duka biyun. Ka kula da hunturu: bushewar iska tana sa katako ya tsuke, tsirkiya ta riƙa sauka, wani lokaci ma fuskar jitar ta tsage, saboda haka ka riƙa ajiye ta cikin jakarta, ka kuma sake saita ta kafin kowace ɗauka. Ali Farka Touré na Mali ma kayan ɗauka aka kai masa har garinsu Niafunké a bakin kogin Neja, inda yake noma, kuma kundin da ya fito a 1999 sunan garin yake ɗauke da shi.

Inda na saɓa da Malam na Gumel shi ne, "zalla" ba ta nufin haramta komai. Ƙwarya da ake bugawa a hankali da tafin hannu, ko gurmi ya shigo a waƙa ɗaya ko biyu, ba za su ƙwace maka waƙa ba. Abin da zan roƙe ka ka hana shi ne na'urar gyaran murya da ake ƙure ta har mutum ya koma kamar ƙarfe, domin rawar da murya ke yi a wasu wurare ita ce dukiyar irin wannan kundi.

Ɗan Taura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na yi rabon da kika ce, kuma biyu ne suka faɗa gida na biyu. Ɗaya na cire ta. Ɗayar kuwa ita ce ta ranar kwashe kaya, wadda ba ta zargi kowa ba, amma ta kawo abin da aka faɗa a tsakar gida a ranar, kuma idan babu ita labarin ya yanke a tsakiya. Ina tunanin tura wa yayanta ita ta waya ya saurara kafin in yanke hukunci.

Hajiya daga Dambatta ta amsa:

Kada ka tura ta waya, ɗana, domin abin da ya shiga wayar mutum ɗaya ya fita daga hannunka, ko da an ce maka a'a daga baya. Ka je da ƙafarka bayan la'asar, ka gaishe shi, ka kunna masa a taka wayar, ka roƙe shi ya shiga ya gaya mata abin da ke ciki. Amsar da za ka yi aiki da ita tata ce, ba tasa ba, kuma ka ba ta lokaci, domin mai yiwuwa ta fi son a jira sai ta ɗaura wani auren.