Ƙorafe-ƙorafe sun taru mana a GitHub, sabuwar siga ta ƙi fita

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku ne muke kula da wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta ya taimaka, kowannenmu da aikinsa na neman abinci, sai da dare ko ƙarshen mako muke taɓa ta. Ƙorafe-ƙorafen da ke buɗe a GitHub, shafin da muke ajiye manhajar, sun haura 300: wani kuskure ya gani, wani sabon abu yake so a ƙara, wani kuwa tambaya ce kawai. Mun yi wa kanmu alkawarin ba za mu fitar da sabuwar siga ba sai mun rage su, ga shi an shekara shiru. Gyare-gyaren da muka gama ma suna nan jibge, ba su kai ga masu amfani ba. Ta ina za mu kama?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, alkawarin nan ne ya ɗaure ku, ku kwance shi. Muddin mutane na amfani da manhaja, ƙorafi ba ya ƙarewa. Ku tsayar da rana kawai. Dubi yadda wasu ke yi: Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na fita duk Afrilu da Oktoba, lambar 24.04 ma shekara da wata take nufi. Rust, harshen rubuta manhaja, duk mako shida. Python, shi ma harshe ne, tun daga siga ta 3.9, sau ɗaya a shekara, cikin Oktoba. Abin da ya nuna a fitar da shi, wanda bai nuna ba ya jira zagaye na gaba. Amma abin da na fi so ku ɗauka shi ne tsarin Linux, manhajar da aka gina Ubuntu a kanta: mako biyu ana karɓar sababbin abubuwa, daga nan Linus Torvalds, jagoran aikin, ya rufe ƙofa, sai gyara kaɗai da sigar gwaji duk mako, kamar bakwai ko takwas, kafin ta ainihi ta fito. Ku da kuke uku, wata uku-uku ya ishe ku, a rufe ƙofa saura mako biyu.

Amsa ta biyu: Ni dai na gaji da tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, na sa manhajar da ke rufe duk wanda ya daɗe ba a taɓa ba. Hankalina ya kwanta.

Amsa ta uku: Malam, a yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Rufe ƙorafi ba ya gyara kuskure. Mutum ya ɓata lokacinsa ya rubuto muku yadda abu ke lalacewa dalla-dalla, ku ne ba ku duba ba, sannan na'ura ta kore shi? Ba zai sake kawo rahoto ba. In za a yi amfani da ita, a taƙaita ta ga waɗanda aka nemi ƙarin bayani mai su ya yi gum.

Mai tambaya, ku zauna ku tace su da hannu, ashirin-ashirin. Za ku tarar da yawa maimaici ne, wasu an riga an gyara ba a rufe ba. Matsalar tsaro da mai ɓatar da bayanan mutane su ne gaba, kada su jira ranar kowa. Masu sauƙi ku liƙa musu alamar "good first issue", wato aikin da ya dace da sabon shiga, sababbin masu taimako ita suke bi. Abin da kuka san ba za ku yi ba kuwa, ku faɗa cikin ladabi ku rufe. Barin mutum yana jira shekara biyu ya fi "a'a" ciwo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Saura lambar siga. Muna kan 1.4.2, kuma ɗaya daga cikin gyare-gyaren ya sauya sunan wani umarni da mutane suka saba kira.

Amsa ta farko: To a tsarin SemVer, ƙa'idar ba wa siga lamba, wannan 2.0.0 ce, wato lambar farko ce za ta ƙaru, tunda zai karya wa masu dogaro da ku aiki. Lambar tsakiya ta ƙari ce da bai karya komai ba, ta ƙarshe ta gyaran kuskure. Da ni ne, in bar tsohon sunan yana aiki tare da gargaɗi, in fitar da 1.5.0 cikin watan nan, cire shi ya jira 2.0.0.