Janairu ko Maris, wanne ya fi don zuwa ski?

Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina karatu a birnin Lyon na Faransa, ni da abokaina biyu muna so mu je wasan ski, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, a tsaunukan Alps, ban taɓa ɗora ƙafa kan abin ba wallahi. Fabrairu dai mun cire ta, hutun makaranta ne, masauki tsada kamar me ga cunkoso. Tsakiyar Janairu akwai sauƙin kuɗi amma sanyin nake tsoro, ni da hunturun Kano ma sai na sa riga uku, kuma biyar da rabi gari ya yi duhu. Maris akwai rana, sai dai ƙanƙarar takan jiƙe da yamma in ba wuri mai tudu irin Val Thorens ba, mita 2300, shi kuma aljihu ba zai ɗauka ba. Ga ɗan koyo wanne ya fi?